Inuwa Ɗaya, Tabarma Biyu

Tun muna yara ake horonmu da girmama na gaba. In yaro ya ga tsoho da kaya ya karɓa masa, in ya zo wucewa ta gaban dattawa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe su. An yi wa'azin wannan a masallaci, an yi a majami'a, an kuma rubuta shi a littattafan makaranta. Amma akwai wata tambaya wadda ba a cika yin ta ba, ita ce: mene ne hakkin tsoho a kan ɗan'uwansa tsoho?

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa in furfura ta game kai, to, gori da ƙyashi da nuna bambanci sun tafi tare da ƙuruciya. Wanda ya taɓa zama kusa da majalisar dattawa ya kasa kunne ya san ba haka ba ne. Akan sami inuwa ɗaya, amma tabarma biyu. Ta farko ta masu faɗa a ji ce, a nan ake hira da dariya da raba goro. Ta biyu kuwa can gefe take, inda wani tsoho ke zaune shi kaɗai, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce masa matso. To, wannan tabarma ta biyu ita muke so mu duba. Shin laifi ne dattawa su ware kansu su bar wani? In laifi ne, daga ina ya fara, tun da yake kowa yana da ikon zaɓen abokinsa?

Inda tsofaffi ke haɗuwa

Bari mu ɗauki ƙasar Zuru misali. Masarauta ce a kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1991. Tana da ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu. Mutanenta iri-iri ne: akwai Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari, ga kuma Hausawa da Fulani. Sau da yawa sai ka tarar gida ɗaya akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai mai bin addinin kakanni, suna zaune tare, suna zuwa suna da biki da jana'izar juna. Wannan abin yabo ne ƙwarai, kuma shi ya sa ƙasar ta dace da wannan magana, don mutanenta sun riga sun san zama da wanda ba irinsu ba.

A can, kamar sauran ƙasashen Arewa, galibi tsoho a gidansa yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki. Amma zamani yana sakewa. 'Ya'ya sun watsu, wani yana Kaduna, wani Abuja, wani Ikko, wani yana bariki inda aikin soja ya kai shi. Saboda haka tsofaffi da yawa yanzu sun fi ganin sa'o'insu bisa ga ganin 'ya'yan cikinsu. Suna haɗuwa a gindin bishiya da hantsi, a ƙofar masallaci da majami'a, a layin asibiti, da wurin tantance 'yan fansho.

Har wa yau akwai wata haɗuwa ta dole. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a yankin Danko/Wasagu da Sakaba. A watan Yuni na 2021 kaɗai, 'yan sanda sun ce an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. Mutane suka bar gonakinsu suka kwararo cikin garuruwa, irin su Riba da Zuru, cikinsu har da tsofaffin da ba su taɓa zaton za su kwana a ɗakin da ba nasu ba.

A manyan birane kuma an fara keɓe wa tsofaffi gidaje. A cikin birnin Kano akwai Gidan Gajiyayyu na Shahuci, a Ikko akwai na Yaba. A 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, ta kuwa fara aiki a 2021. A Amurka da Ingila abin ya yi nisa, har akan gina unguwa guda ta tsofaffi zalla, kowa da ɗakinsa, amma wurin cin abinci da wurin hira ɗaya. Ko ana so ko ba a so, zaman tsoho da tsoho yana ƙaruwa a duniya. Ya kamata mu san ladabinsa tun bai ƙaraso ƙofarmu ba.

Ƙungiya ba laifi ba ce

Kada mai karatu ya zaci ana zargin dattawa ne don sun yi abokai. Ko kusa. Dubi al'adar golmo ta Dakarkari. Saurayi yakan shiga cikin sa'o'insa, su riƙa zagayawa suna noma gonakin surukansu, bisa ga al'ada har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Sun sha rana tare, sun ci tuwo a akushi ɗaya, sun fita bikin Uhola tare bayan girbi. In waɗannan suka tsufa suka zauna wuri ɗaya suna tuna baya, wa zai ga laifinsu?

Haka kuma tsofaffin soja. Mutanen Zuru sun shahara da aikin soja tun zamanin Turawa. Kakanni sun je Bama a yaƙin duniya na biyu, waɗansu sun je Kwango daga 1960, waɗansu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, na bayansu sun je Laberiya daga 1990. Wanda kuka kwana rami ɗaya da shi, harsashi na wucewa ta bisa kanku, akwai maganar da za ku yi wadda ba mai gane ta sai ku. In Saje ya nemi Kofur don su yi hira, ya nemi abin da yake halal gare shi.

Ashe ƙungiya kamar shinge take. Manomi yakan yi shinge don ya tsare shukarsa, ba mai cewa ya yi laifi. Amma ran da ya ja shingen nan ya tare hanyar rafi, wadda kowa ke bi, to, ya shiga hakkin jama'a. Abin da ya rage mana shi ne mu gane inda gona ta ƙare, hanya ta fara.

Waɗanda akan bari a gefe

In ka lura, waɗanda akan ware ba su wuce iri huɗu ba.

Na farko shi ne wanda jikinsa ya riga na sauran gajiya. Ba ya ji sai an ɗaga murya, hannunsa na rawa in yana cin abinci, ko kuwa fitsari yana kufce masa. Ga wani abin da ya faru a Amurka. A 2011, a garin Norfolk na jihar Bajiniya, masu wani babban gidan tsofaffi suka kafa doka cewa waɗanda ke zaune a sashen marasa ƙarfi, masu bukatar a taimake su, kada su ƙara shiga babban ɗakin cin abinci. Suka ce cunkoso ne da kiyaye lafiya suka sa. Dokar nan ta raba miji da mata a wurin cin abinci, ta raba aminai. Abin lura shi ne, cikin tsofaffin da ke da sauran ƙarfi an sami waɗanda suka goyi bayan dokar. Magana ta kai ga ma'aikatar shari'a ta ƙasar, a 2015 masu gidan suka yarda su biya dala 390,000. Wata malamar jami'a da ta taɓa koyarwa a jihar Arizona, Robin Bonifas, wadda ta daɗe tana binciken irin wannan zama, ta ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 100 da ke gidajen tsofaffi, 10 zuwa 20 suna shan tsangwama daga 'yan'uwansu mazauna gidan. Ka ga ashe kuɗi da bene ba su maganin wannan ciwo.

Na biyu shi ne wanda gigin tsufa ya kama. Yana maimaita magana, yana manta sunan jikansa, yana fita da dare bai san inda za shi ba. Likitoci sun tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya bayyana irin wanda ya fi yawa tun 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu wannan ciwo sun haura miliyan 55. Amma a wurinmu, in tsohuwa ta fara surutai ita kaɗai, ko aka tsince ta da asuba a bayan gidan wani, sai a fara raɗa, a ce mayya ce. Sau da yawa kuwa raɗar nan daga bakin sa'o'inta take fara fita, kishiya ko maƙwabciya, sa'an nan yara su ɗauka. Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna abin da ya faru a Kafaba, kusa da Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fatakenmu suke zuwa sayen goro a zamanin da. A watan Yuli na 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, dūka har ta mutu, bisa zargin maita, mutane na tsaye suna kallo. A arewacin Gana ɗin nan akwai unguwanni, irin ta Gambaga, inda tsofaffin matan da aka kora da wannan zargi ke fakewa. Baki shi ke yanka wuya.

Na uku shi ne mai tabon wata cuta, musamman kuturta. A shekarun 1930 aka kafa wuraren jiyyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Dubi sunan nan na ƙarshe, ya da kunya. Waɗanda suka raɗa shi sun san kunya ta fi miki ciwo. Tun 1873 wani likita a ƙasar Norwe, Hansen, ya gano ƙwayar cutar, aka san ba gado ba ce, ba kuma baki aka yi wa mutum ba. Yanzu akwai magani mai warkar da ita sarai, tun 1995 kyauta ake ba da shi, kuma wanda ya fara shan magani ba ya sa wa kowa. Duk da haka akwai tsofaffin da suka warke shekara talatin ko arba'in da suka wuce, amma har yau sa'o'insu ba su yarda su sa hannu cikin ƙwarya ɗaya da su ba. Cuta ta tafi, suna ya zauna.

Na huɗu shi ne baƙo da wanda ba shi da kowa. Ka ɗauki dattijon da aka tasa daga ƙauyensa. Jiya yana da rumbu uku da shanun noma, in ya yi magana a ƙofar gidansa ba mai musu. Yau yana kwana a ajin makaranta ko a zauren wani, ana kiransa ɗan gudun hijira, kamar ba shi da sunan yanka. In ya je majalisa sai a amsa sallamarsa a ci gaba da hira. Haka tsohuwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, ko wadda 'ya'yanta suka riga ta. Haka kuma wanda ya ƙare a gidan gajiyayyu, sai ka ji sa'o'insa na cewa, ai da ya yi wa 'ya'yansa tarbiyya da ba su yar da shi ba. Su yanke masa hukunci ba su ji ta bakinsa ba.

Me ya kawo haka?

In muka ce mugunta ce kawai, ba mu yi wa dattawa adalci ba, ba mu kuma gano tushen ciwon ba. Akwai dalili biyu.

Na ɗaya, tsufa yana ƙwace wa mutum abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓe ƙarfi, ya karɓe aiki, ya karɓe abokai. Wanda dā in ya yi tsawa mutum ɗari ke ƙamewa, yau jikansa ma sai ya kira shi sau uku. To, abin da ya rage masa na iko shi ne ya ce wane ya zauna nan, wane kada ya zauna. Sai ya riƙe wannan ɗan iko da hannu biyu, don shi kaɗai ke tuna masa shi wani ne.

Na biyu ya fi zurfi, shi ne tsoro. In yaro ya ga tsoho mai rawar hannu, yana ganin abin da ke nesa da shi ne. Amma in mai shekara 75 ya ga mai 85 ana ba shi abinci a baki, gobensa yake gani. Ba ɗan'uwansa yake gudu ba, hoton kansa yake gudu. Yana ji a ransa, in dai ba a tabarma ɗaya muke ba, ni ba irinsa ba ne. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi kuwa sai ya juya baya don kada ya ga wutar, yana zaton rashin gani zai tsare gemunsa.

Wannan dalili yana sa mu tausaya wa mai wariya, amma ba ya wanke shi. Har ma shi ke nuna wautar abin. Sauran irin bambancin da mutane ke nunawa, na ƙabila ko na launi, mai yin sa ya tabbata ba zai wayi gari ya zama wancan ba. Amma mai ƙyamar gajiyayye yana kafa dokar da za ta hau kansa ne, in Allah ya ja kwanansa. Shi ne mai ginin rami wanda ya san lalle ta nan zai bi.

Amsa ga mai musu

Wani dattijo yana iya cewa: "Ni na tsufa, kwanana kaɗan ya rage. Ashe ba ni da ikon in ƙarasa su da wanda raina ke so? Dole ne in yi abota da kowa?"

Wannan magana tana da ƙarfi, kada a raina ta. Gaskiya ne ba a tilasta ƙauna. Ba sarki, ba alƙali, ba gwamnati da ke iya sa ka so wanda jininku bai haɗu ba. Asirin cikinka naka ne, ka faɗa wa wanda ka ga dama. Ɗakinka naka ne, ka shigo da wanda ka ga dama. Wannan ita ce gonarka, shinge ta yadda kake so.

Amma akwai abin da ba kyauta ba ne, bashi ne, kowane ɗan Adam yana bin ka shi ko kana son sa ko ba ka so. Akwai gaisuwa, wadda za ka dube shi ka kira sunansa, ka tambayi kwanansa da iyalinsa. Akwai wurin zama a inda yake na kowa, don inuwar bishiyar gari da ƙofar masallaci da bencin asibiti da ɗakin cin abinci na gidan gajiyayyu ba gadon kowa ba ne. Akwai kuma kame baki daga laƙaba masa sunan da zai bi shi har kabari. Wanda ya biya waɗannan, sa'an nan ya koma gefe da amininsa suna hirar Bama, bai yi laifi ba. Wanda ya hana su, ko da bai zagi kowa ba, ya ci bashi.

Mai musu zai ƙara cewa: "To, in shi wanda aka ware ɗin mai baƙin hali ne fa? Akwai tsoho mafaɗaci, akwai mai tsegumi, wanda in ya zauna sai majalisa ta watse." Wannan ma gaskiya ne, tsufa ba ya mai da kowa waliyyi. Amma a nan sai mu rarrabe tsakanin abin da mutum ya yi da abin da ya same shi. Tsegumi aiki ne, mai yin sa yana iya bari, saboda haka ana iya yi masa faɗa, har a ƙaurace masa kwana biyu don ya gyara. Amma kurumta da makanta da talauci da rashin ɗa da gudun hijira, ba wanda ya saye su a kasuwa. In ka hukunta mutum a kan abin da ba shi da ikon sakewa, ba gyara kake nema ba. Ko mafaɗacin ma, a bincika tukuna. Sau da yawa kurma yana ɗaga murya ne don ba ya jin kansa, mai gigin tsufa yana zagi ne don ciwo ya ci wurin da kunya take zaune.

Saura mai cewa tsoron ɗaukar cuta ne ya sa shi nisa. In cuta mai yaɗuwa ce, kamar tarin fuka kafin a fara magani, sai a bi abin da likita ya ce, ba mai gardama. Amma likita yakan faɗi ranar da za a daina nisa. Wariyar da ba ta da ranar ƙarewa ba daga asibiti ta fito ba.

Abin da wariya ke ci

Wani zai ce, ai ba a doke shi ba, ba a hana shi abinci ba, me aka yi masa? To, kaɗaici yana kisa, sai dai a hankali. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fid da sanarwa cewa haɗarin rashin cuɗanya da mutane ya kai na shan taba kara 15 kowace rana. A shekarar nan kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen ɗaya cikin kowane tsofaffi huɗu yana zaune cikin kaɗaici. Dalilin ba boyayye ba ne. Tsohon da ba mai jiran sa a majalisa ba ya fitowa. In bai fito ba ƙafa ta sage, abinci ya fita ransa. In ya kwanta ciwo ba wanda zai ce yau ban ga wane ba, a je a duba. Yaro in an ware shi yana da gobe, zai sake gari, ya sake abokai. Tsoho fa, ina za shi?

Ba wanda aka ware kaɗai ke hasara ba. Majalisar da ke fid da duk wanda ya gaza, kowa a cikinta zaman ɗar-ɗar yake. Sai ka ga dattijo yana ɓoye ciwonsa, ya ƙi riƙe sanda, ya ƙi faɗin cewa idonsa ya fara hazo, don kada a mai da shi tabarma ta biyu. Da haka ciwon da za a iya magancewa tun da wuri yake yin nisa.

Sa'an nan ga yara suna kallo. Dattijo ba shi da bakin cewa matasan zamani ba su da ladabi, in a gabansu yake kiran sa'arsa mayya, ko yake janye ƙwaryarsa daga wanda ya warke. Yaro ba ya koyon girmama tsoho daga wa'azi kamar yadda yake koya daga ganin yadda tsofaffi ke yi wa juna. Abin da ka shuka a idonsa, shi zai girbe maka ran da hannunka ya fara rawa.

Abin yi

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi, ba ya jiran gwamnati. A kowace majalisa akwai mutum ɗaya wanda in ya yi abu sauran za su bi, ko mai unguwa ne, ko liman, ko fasto, ko tsohon Saje. In shi ya gyara zama ya ce, "Malam, bismilla, ga wuri," magana ta ƙare. In ya miƙa wa baƙo goro ya tambaye shi yadda ake noma a ƙauyensu, ya mayar masa da sunansa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

A ba wanda aka ware abin yi, don mutum ba ya jin shi mutum ne sai ana bukatarsa. Makaho yana iya riƙe tarihin gari a ka, gurgu yana iya tufka igiya, tsohuwar da ba ta haihu ba tana iya zama kakar unguwa duka. Dattijon da ya yi hijira ya zo da sanin iri da ƙasa da magani wanda ba kowa ke da shi ba.

Masu riƙon gidajen gajiyayyu, da masu niyyar gina su nan gaba, su sani tuwo da katifa ba su isa ba. Su lura da wanda ke cin abinci shi kaɗai, su lura da wanda in ya shigo hira take mutuwa. Kada su bar wuri mai kyau ya zama na waɗansu tun da su suka riga zuwa.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, da ka yi yaƙi da jahilci ka ci nasara, kana da rabonka cikin wannan aiki. Kai ne za ka karanta wa dattawa abin da likitoci suka ce game da gigin tsufa da kuturta, cikin ladabi, ba da nuna ka fi su sani ba. In ka ji an fara raɗar maita a kan wata tsohuwa, ka ce, "Baba, a kai Iya asibiti tukuna." In akwai tsohon da ba mai karanta masa katin asibiti ko takardar fansho, ka je ka zauna kusa da shi a bainar jama'a ka karanta masa. Zamanka a tabarmarsa yana iya jawo wani, don zumunta a ƙafa take.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da tsofaffi, tun daga shawarar da ta yanke a 1990. Wannan ya yi kyau. Amma tsohon da ke gefe ba rana ɗaya yake zaune can ba, kullum ne, kuma abin da yake jira bai wuce taku biyar ba daga inda sa'o'insa suke. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ke tsakiyar tabarma yau ya matsa wa na gefe, don wurin da ya buɗe, kansa ya buɗe wa.

Allah ya ba mu tsufa mai amfani, ya sa mu gama da mutuncinmu, amin.